Minti 22 a Faransa, minti 17 a Sin: ina zafin "ranar ɗan Adam" yake zuwa?

Idan da gaske ne akwai injin da ke riƙe da wutar da ta fi tsakiyar rana zafi, me ya hana shi narkewa? Idan kuma ba ya narkewa, me ya sa ake kashe shi bayan minti 20, har duniya ta ɗauki hakan abin tafi?

Wannan tambaya ta yi ta zagayawa a majalisun Kaduna tun ranar 20 ga Janairun 2025, lokacin da injin EAST da ke birnin Hefei na ƙasar Sin, wanda ake yi wa laƙabi da "ranar ɗan Adam", ya riƙe wutarsa daƙiƙa 1,066. Ba a yi wata guda ba, ranar 12 ga Fabrairu, injin WEST da ke Cadarache a kudancin Faransa ya kai daƙiƙa 1,337, wato minti 22 da daƙiƙa 17. Wasu suka ce Sinawa sun ƙirƙiri rana suna ja da ikon Allah. Wasu suka ce an kusa jingine janareta. An ma taɓa yaɗa wani bidiyon harba roka a WhatsApp wai ranar ce ake ɗagawa sama. Duka ɓangarorin sun tsaya a kan girman zafin, alhali ba a nan gizo yake saƙar ba. Kai filasma, wato wutar da ke cikin injin, digiri miliyan 100 abu ne da aka iya tun shekaru da dama. Abin da yake hana masana barci shi ne hanyar fitar da zafin ba tare da ya cinye injin ba.

Ba rana ba ce, tukunya ce ta maganaɗisu

Makamashin nukiliya iri biyu ne. Akwai na fasa ƙwayar zarra mai nauyi kamar yuraniyam. Shi ne tashoshin lantarkin nukiliya na duniya suke amfani da shi, kuma irinsa ne ƙaramin injin bincike da ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004. Na biyu shi ne haɗe ƙwayoyi marasa nauyi su zama guda, kamar yadda yake faruwa a cikin rana. Shi muke magana a kai.

Man da aka fi sa rai da shi nau'i biyu ne na haidurojin: dutiriyam, wanda ake samu a ruwa, da tiritiyam. Kafin su haɗe sai an gasa su har su zama filasma, wato iskar da zafi ya raba ƙwayoyinta da lantarkinsu. Tsakiyar rana tana da kimanin digiri miliyan 15, amma a can nauyin ranar da kansa yana matse komai. A doron ƙasa babu wannan matsi, shi ya sa ake neman digiri miliyan 100 zuwa 150.

Babu kwanon da zai ɗauki wannan. Sai masanan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ciki har da Igor Tamm da Andrei Sakharov, suka fito da dabarar tokamak a shekarun 1950: ɗaki mai siffar tiyub ɗin taya, an zuƙe iskar cikinsa, an kewaye shi da manyan maganaɗisu. Filasma tana bin layin maganaɗisu tana zagayawa a tsakiya, ba ta jingina da bango. Kuma duk girman ɗakin, man da ke ciki a lokaci guda bai wuce 'yan giram ba, sau da yawa ma bai kai giram ɗaya ba. Da ya taɓa bango sosai sai ya huce ya mutu. Ke nan tsoron a ce zai tarwatse ya ƙone gari bai taso ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne bangon injin.

Daga ina zafin da ake son fitarwa yake zuwa

Duk haɗuwar dutiriyam da tiritiyam tana haifar da abu biyu. Na farko shi ne niyutiron, wata ƙaramar ƙwaya marar cajin lantarki, wanda yake ɗauke da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin. Shi maganaɗisu ba ya riƙe shi, yana fita ta ko'ina ya nutse a cikin bango mai kauri, kuma daga can ne za a ɗebi zafin da zai tafasa ruwa ya juya injin lantarki. Kashi 20 da ya rage yana tare da ƙwayar hiliyam, wadda take zama a cikin filasma tana ƙara mata zafi. Da ta gama ba da ƙarfinta sai ta zama toka, kuma duk mai girki da itace ya san murhun da ba a kwashe wa toka mutuwa yake yi.

Ɗauki ITER, babban injin da ake ginawa a Cadarache ɗin dai, da haɗin gwiwar Tarayyar Turai, Sin, Indiya, Japan, Koriya ta Kudu, Rasha da Amurka. An tsara a zuba masa megawat 50 na zafi, ya ba da megawat 500. Kashi 20 na 500 shi ne 100. Haɗa da 50 ɗin da aka zuba, ka sami megawat 150 a cikin filasma, kuma duk abin da ya shiga dole ya fita. Wani kaso yana fita a matsayin haske ya bazu a bango. Kimanin megawat 100 kuwa yana tsiyayowa ta gefen filasmar. Madatsar Shiroro da ke kan Kogin Kaduna, idan duk injinanta huɗu suna aiki, megawat 600 take bayarwa. To ka ƙaddara an tattara kashi ɗaya cikin shida na wannan an ce ya bi ta ƙofa guda.

Indararo

Wanda ya tashi a gidan soro ya san indararo. Ruwan da ya sauka a kan rufi gaba ɗaya yakan taru ya fito ta ɗan bututu guda, ya faɗo da ƙarfi a wuri ɗaya. Rufin lafiya lau, amma ƙasan da ruwan ke duka sai ya yi rami in ba a ajiye dutse ko duro ba.

Haka tokamak yake. Da gangan ake lanƙwasa layukan maganaɗisun da ke gefen filasma, a karkatar da su zuwa wani kwari a ƙasan injin. Turawa suna kiran wurin daibeta, ma'ana mai karkatarwa. Nan ne salansar injin: nan zafi yake sauka, nan ake zuƙe tokar hiliyam da famfo, nan kuma ake son duk wata ƙazanta ta tsaya nesa da tsakiyar wuta.

Matsalar ita ce ƙanƙantar bakin indararon. Zafi yana gudu a kan layin maganaɗisu da sauri ƙwarai, amma yana tsallaka layin a hankali. Don haka duk abin da ya zubo daga filasma bai samun damar bazuwa, sai ya bi wani siririn zirin da faɗinsa 'yan milimita ne kawai. A 2013 wani ayarin masana ƙarƙashin Thomas Eich ya tattara ma'aunai daga injina da dama, lissafinsu ya nuna zirin ITER zai iya zama kusan milimita ɗaya. Wasu lissafe-lissafen kwamfuta da suka biyo baya sun ce zai fi haka faɗi, kuma sai an kunna injin za a raba gardama. Amma ko da an ɗauki na masu sauƙin, abin bai kai kaurin ɗan yatsa ba.

Injiniyoyi suna rage kaifinsa ta hanya biyu. Suna buɗa layukan maganaɗisu kafin su iso ƙasa, kuma suna kwantar da farantin da zafin zai daka ta yadda zai goge shi a kaikaice, kamar yadda ranar la'asar ba ta dukan ƙasa irin ta tsakar rana. Duk da haka wurin da zafin yake sauka bai wuce shimfiɗar 'yan tabarmi ba. Iyakar abin da farantin ITER zai jure a kai a kai kuwa megawat 10 ne a kowace murabba'in mita, sai 20 na 'yan daƙiƙoƙi.

Megawat 10 ɗin ma ba wasa ba ne. Ranar watan Maris da ke ƙona ƙeya a Kasuwar Barci kusan kilowat ɗaya take saukarwa a kan murabba'in mita. Wannan ya ninka ta sau 10,000. In ka fi son misalin cikin gida, ƙasan dutsen guga mai wat 1,000 ne, a ninka zafin da yake fitarwa kamar sau 200. Kuma wannan shi ne abin da farantin zai iya ɗauka. Abin da filasmar za ta aiko in ba a yi dabara ba ya ninka shi sau da yawa.

Me ya sa tsawon lokaci yake canza lissafi

Yaro yakan gilma yatsa ta cikin harshen kyandir bai ƙone ba. Tsofaffin injina da yawa haka suke aiki: a kunna daƙiƙa biyar ko goma, bango ya shanye zafin a jikinsa, a kashe, a jira ya huce. Injin JET na Ingila, wanda a 2023 ya fitar da megajul 69 cikin kimanin daƙiƙa biyar, yana cikin wannan sahu. (Megajul 69 yunit 19 ne kacal na mitar wuta. Abin burgewar shi ne man da aka ƙona bai wuce miligiram 0.2 ba.)

Da zarar an wuce 'yan daƙiƙoƙi, wannan wayo ya ƙare. Dole ruwa ya riƙa kwashe zafin daidai da yadda yake sauka. Bakanike ya fi kowa sanin wannan: motar da lagiretonta ya toshe za ta iya kai ka daga Kawo zuwa Unguwar Rimi ba ta nuna komai ba, amma hau hanyar Abuja ka gani.

Kuma akwai cututtukan da sai an jima suke bayyana. Wani lungu da ba a yi tsammanin zai yi zafi ba yakan ɗumama a hankali, bayan minti biyar ko goma ya fara sakin iska da danshin da ya shanye, su gurɓata filasma. Bangon da yake tsotse wani kason mai a farko yakan ƙoshi ya fara amayar da shi, sai yawan man ya fi ƙarfin masu sarrafawa. Ƙurar da ta zaizaye daga faranti takan taru a wani wuri ta yi ɓawo, wata rana ɓawon ya ɓalle ya faɗa wuta ya kashe ta nan take. A WEST an ga wannan da ido lokacin da aka yi ta maimaita dogayen gwaje-gwaje a 2023. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a gani a gwajin daƙiƙa biyar, kuma dalilin tseren mintunan ke nan.

Ƙarfen da aka tura gaba

Masu zubin tukwane a Panteka suna narka alminiyam a digiri 660. Baƙin ƙarfe yana narkewa wajen 1,500. Tangistan, wato siririn zaren da ke cikin tsohon ƙwan fitila mai ja, sai ya kai digiri 3,422, babu ƙarfen da ya kai shi. Shi aka zaɓa.

Da can da girafait ake yi, irin bakin fensir, domin shi ba ya narkewa. Aibinsa shi ne yana zaizayewa da sauri, kuma ƙurarsa tana riƙe tiritiyam, abin da yake da tsada, yake da tururin nukiliya, kuma doka ta ƙayyade yawan da zai zauna cikin injin. Shi ya sa JET ya cire nasa ya dawo aiki da bangon ƙarfe a 2011, KSTAR na Koriya ta Kudu ya sa tangistan a 2023. Harafin W da ke farkon sunan WEST ma alamar tangistan ce.

Yadda ake ƙera farantin abin sha'awa ne. Ana yanka tangistan ƙanana-ƙanana kamar dunƙulen magi manya, a huda tsakiyar kowanne, a zura bututun jan ƙarfe, ruwa mai matsi yana gudu a ciki. Fuskar da ke kallon wuta tana iya haura digiri 1,000, 'yan milimita a ƙasanta kuma ruwa ne. Tangistan da jan ƙarfe ba sa buɗewa daidai idan sun ji zafi, don haka mahaɗarsu tana shan ja da saki duk kunnawa da kashewa. Mai walda zai gane inda tsagewa za ta fara. A ITER za a jera irin waɗannan a kan manyan akwatuna 54, kowanne tan da yawa, waɗanda mutum-mutumi ne zai riƙa cirewa da mayarwa domin ɗan Adam ba zai iya shiga ba.

Shi ma tangistan ba waliyyi ba ne. Tun kafin narkewa, in ya daɗe sama da digiri 1,200 zuwa 1,300 sai cikinsa ya sauya ya yi gautsi. Mafi muni, guba ne ga filasma: ƙwayarsa mai nauyi tana mayar da zafi haske ta watsar, har kamar ƙwaya biyu cikin 10,000 sun isa su hana wutar kamawa. An guje wa girafait, amma ba a tsira ba.

Ga kuma bugu. Tun 1982 aka gano a injin ASDEX na Jamus wani yanayi da filasma take riƙe zafinta sosai, kuma a kansa aka gina lissafin ITER. Sai dai a wannan yanayi gefen filasmar yakan cika ya yi tumbuɗi a kai a kai, kowane tumbuɗi bai kai ƙiftawar ido ba amma yana iya narka fuskar faranti a babban inji. Ana magance shi da ƙananan maganaɗisu masu ɗan karkata gefen domin ya riƙa yoyo a hankali, ko a riƙa harba ƙanƙarar mai domin a tilasta masa yin ƙanana maimakon manya.

Dabarar hana zafin isowa

A ganina wannan ce dabara mafi armashi. Tunda faranti ba zai iya ɗauka ba, sai a hana yawancin zafin isa gare shi. Ana fesa iska kaɗan, naitirojin ko niyon ko agon, a cikin kwarin. Iskar tana shan zafin ta mayar da shi haske, haske kuwa ba ya bin layin maganaɗisu, ko'ina yake tafiya. Filasmar da ke dab da faranti sai ta huce ƙwarai har ta koma iska, ta zama matashi tsakanin wuta da ƙarfe. Indararo ya koma yayyafi.

Wahalar ita ce riƙe ma'auni. In iskar ta yi kaɗan, wutar ta koma kan faranti. In ta yi yawa, sanyin ya haura ya shiga tsakiya ya kashe komai. Gaba kura, baya sayaki, kuma dole na'ura ta riƙa gyara wannan sau da yawa cikin kowace daƙiƙa, na tsawon awanni.

Wasu kuma sun ce a sauya siffar indararon kansa. A Culham ta Ingila, injin MAST Upgrade ya tsawaita hanyar da zafin yake bi kafin ya sauka, kuma a 2021 aka sanar cewa hakan ya rage abin da ke isa faranti kusan sau goma. A Lausanne ta Suwizalan an gwada raba hanyar gida huɗu maimakon biyu. Italiya tana gina inji sukutum a Frascati don wannan matsala kaɗai. Akwai masu cewa a bar daskararren ƙarfe, a yi amfani da narkakken litiyam ko kuza, tunda ruwa ba ya tsagewa. Jamusawa kuma suna da Wendelstein 7-X, inji mai murɗaɗɗun maganaɗisu da aka tsara tun asali don dogon aiki. A Fabrairun 2023 ya yi minti takwas ya kwashe gigajul 1.3, burinsa minti 30.

Yadda za a karanta labarin "an kafa tarihi"

Daƙiƙoƙi kaɗai ba sa gaya maka komai. A gwajin minti 22 na WEST, zafin da aka zuba megawat biyu ne, filasmar tana kan digiri miliyan 50, kuma jimillar abin da aka shigar aka fitar gigajul 2.6, kimanin yunit 720. KSTAR ya kai digiri miliyan 100, amma daƙiƙa 48 ya riƙe. JET ya ƙona man gaske, daƙiƙa biyar. Dogayen gwaje-gwajen nan babu wanda aka sa wa tiritiyam, kuma babu wanda ya ba da lantarki ko na ƙwai ɗaya, ci ma suka yi. Megawat biyu na WEST da 150 na ITER, tazarar ninki 75 ce. Injin da ya haɗa zafi da tsawon lokaci da man gaske a tare, har yau ba a yi shi ba.

Masu kyakkyawan zato suna cewa a duba saurin ci gaban: EAST ya tashi daga daƙiƙa 403 a 2023 zuwa 1,066 cikin ƙasa da shekara biyu. Kamfanoni masu zaman kansu, irin su Commonwealth Fusion Systems na Amurka, suna gina ƙananan injina masu maganaɗisu mai ƙarfi suna alƙawarin lantarki a farkon shekarun 2030. Masu ɗari-ɗari suna amsa cewa lissafin Eich ya nuna ƙarfin maganaɗisu yana ƙara matse zirin, ke nan ƙaramin inji mai ƙarfi indararonsa ya fi kaifi. Suna kuma tuni da abin da ba a gwada sosai ba: shekarun ruwan niyutiron suna sa jan ƙarfe gautsi, suna rage wa tangistan iya miƙa zafi. Na fi karkata ga na biyun a kan batun lokaci. Tashar da za a riƙa rufewa watanni don sauya faranti, wutarta za ta yi tsada ko da man da take ƙonawa kyauta ne.

Mu a nan fa?

Ko ITER ba a tsara shi ya ba da lantarki ba. Jadawalin da aka sabunta a 2024 ya ce zai fara bincike a 2034, ya fara ƙona dutiriyam da tiritiyam a 2039. Ingila tana hasashen tasharta ta gwaji wajen 2040. Tela a Kakuri ko mai niƙa a Rigasa da ke lissafin kuɗin mai, da sauran rina a kaba. Ko da an ba mu irin wannan tasha gobe, akwai ƙa'idar da masana lantarki suke bi cewa inji guda kada ya wuce kashi goma cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa, don kada tsayawarsa ta kifar da kowa. Layinmu da ke yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000 bai shirya karɓar babbar tasha ba tukuna.

Inda abin ya fi kusa da mu shi ne ƙarƙashin ƙasa. Sin ce take haƙo kusan kashi 80 cikin 100 na tangistan ɗin duniya, kuma a Fabrairun 2025 ta tsaurara ƙa'idar fitar da shi. Dutsen da ake tace shi daga ciki, wulfiramait, yana nan a Arewa, a duwatsun da ake haƙar kuza irin na Filato da Riruwai. Yawanci da diga da shebur ake tono shi, a zuba a buhu a sayar wa dillali ɗanye, a can waje ne ake tace shi a mayar da shi ƙarfe.